AMSAR WASIƘUNKU: Ina Zan Kai Yara Kallon Daji Da Kaka?

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Tsafe, daga hannun wani ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ɗansa ya nuna masa hoton wani dutse na ƙasar Japan a waya, itatuwansa sun yi ja, wasu rawaya, ga barewa tana kiwo, ga mutane suna yawon shaƙatawa. Yana tambaya: shin gaskiya ne ko haɗin hoto ne? Kuma mu nan muna da inda magidanci zai kai 'ya'yansa su ga daji da namun daji?

To, Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Hoton nan ba ƙarya ba ne. A ƙasashen sanyi irin su Japan da Amurka da Kanada, haka daji yake komawa wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba. Dalili kuwa shi ne, a cikin kowane ganye akwai wani koren sinadari da itace ke haɗa abincinsa da shi idan rana ta haska. In yini ya fara gajarta, sanyi ya kawo jiki, sai itacen ya daina yin sinadarin. Koren yana gushewa sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana, wasu itatuwan kuma su yi ja, kana ganyen ya zube. Jan ganyen da ke jikin tutar Kanada ma irinsa ne.

Mu a nan ba sanyi ne ke sa itace zubar da ganye ba, rashin ruwa ne. Kai manomi ka fi kowa sani. Ruwa na ɗaukewa kuka za ta fara kaɗewa, rimi ya bi baya. In hunturu ya shigo gurjiya ta tsaya tsirara, ta fitar da jan fure. Gawo kuwa nasa daban ne: da damina ya zubar, da rani ya yi kore shar, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa, dabbobi kuma su sami abin ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Wannan ma abin kallo ne, sabo ne kawai ya sa ba mu ɗaga kai mu duba.

Batun wurin zuwa kuwa, Alhaji, ai kana wuce shi duk ranar da ka ɗauki kaya zuwa Gusau. Ina nufin Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe. Garin na gindin dutsen, tsohon gari ne mai sarautarsa, kuma tun zamanin da an san shi da bikin kamun maiki, wato mikiya, wadda ke sheƙa can ƙololuwa. Irin waɗannan duwatsu su ne gidan rema da birai da tsuntsaye iri-iri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya rufe sararin sama. A lokacin dutsen ya bushe ba santsi, wanda ya ɗan hau kuwa zai hango gonakin dawa sun yi jawur har iyakar ganinsa.

Amma fa ban ce ka kwashi yara gobe ka kama hanya ba. Kowa ya san halin da jihar Zamfara ta shiga tun wajen shekarar 2011, da satar shanu ta rikiɗe ta koma satar mutane. Yankin Tsafe da na Bunguɗu duk sun ɗanɗana. Saboda haka ga sharuɗɗa, kuma kada a tsallake ko ɗaya.

Na farko, a yi tambaya kafin a tashi. Ka nemi wani ɗan garin da kuke hulɗar kasuwa da shi, ka ji yadda gari ya kwana a makon nan, ba a watan jiya ba. In ya ce a dakata, to a dakata. Dutse ba ya gudu.

Na biyu, in an isa a fara gaida manya, a nemi izini da ɗan jagora. Baƙo ko da idonsa makaho ne. A tsaya ɓangaren da ke fuskantar gari, kada a zagaya baya.

Na uku, a je da hantsi, a sauko kafin azahar, a kasance gida kafin la'asar sakaliya. A riƙe ruwan sha. Yara su sa takalmi mai rufi, kada su zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, don kaka lokacin macizai ne. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Na huɗu, ba gwafa, ba ashana. Kallo aka je, ba farauta ba.

Wani zai ce, ina batun Dajin Kuyambana da ke wajen Ɗansadau, wanda aka keɓe don namun daji, ya haɗe da gandun Kamuku na Birnin Gwari? Amsa ita ce, wannan ba wurin kai iyali ba ne sai ranar da hukuma da mutanen yankin suka tabbatar zaman lafiya ya dawo. Mai hali da ke son 'ya'yansa su ga manyan namun daji, sai ya yi tanadin zuwa Yankari a jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Can akwai giwaye da gwanki da ɓauna, ga ruwan ɗumi na Wikki. An fi ganin dabbobin da rani, sa'ad da ƙishirwa ke tara su bakin kogi.

Abu na ƙarshe, jama'a, kuma shi ya fi damuna. Mutanen Japan ba sihiri suka yi ba, barin dajinsu suka yi ya rayu. Mu kuwa da an gama girbi sai a cinna wa daji wuta don ɓera da gafiya, a sare ƙirya da kaɗanya a yi gawayi. Tambayi duk wani dattijo, zai gaya maka inda yake ganin gada da zabin daji yana yaro, yau ko sawunsu babu. In muka ci gaba a haka, ko tsaro ya dawo, jikokinmu dutse tsirara za su tarar. Kowa ya bar 'yan itatuwa su tashi a gonarsa, musamman gawo. Ya kuma ja wa yaran unguwarsa kunne kan ƙunar daji.

Alhaji, da fatan ka gamsu. In Allah ya nufa kun je, a rubuto mana abin da yaran suka gani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a amfanin da muka tara. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.