Gishiri da Dunƙule Sun Yi Yawa a Tukunyarmu

An ce mu masu sayar da kayan miya mu tofa albarkacin bakinmu a kan girkin gida. To, ba mu zo koya wa uwargida tuƙa tuwo ba, wane mu! Abin da muke gani daga bayan teburin sayarwa shi za mu faɗa.

Iyayenmu da suka baro Kano da Katsina da Zariya suka zauna a nan Bauchi, da miyarsu suka zo: kuka, kuɓewa, taushe, daddawar kalwa, citta, kanunfari, masoro da kimba. Yau kuwa duk wanda ya tsaya a Muda Lawal ko kasuwar Wunti da safe ya kasa kunne, zai ji abin da yaron da aka aiko cefane ke fara ambata shi ne dunƙule. Daddawa sai in canji ya ragu.

Ba mu ce dunƙule abin banza ba ne. Tun 1908 kamfanin Maggi ya fara yin sa, kuma ya rage wa mata wahala ƙwarai. Sai dai kusan rabinsa gishiri ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika cokalin shayi ba. A rahotonta na 2023 ta ce mutanen duniya suna cin giram 10.8, ya ninka ke nan har da ɗoriya. Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Ƙaramin dunƙule giram 4 ne. In an jefa goma a tukunya, an zuba gishiri wajen giram 20, rabon manya huɗu na yini guda cur. Ba a kawo wanda za a barbaɗa da hannu ba, ba a kawo na cikin yaji ba, balle burodin safe da taliyar leda da yara ke dafawa da ɗan ƙullin da ke cikinta. Ƙarshen wannan hanya kuwa mun san shi: hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda. Babu unguwar da ba mu je dubiya irin wannan ba.

To me za a sa a madadinsa? Kowa ya san in miya ta yi lami maigida zai ture kwano, magana ta dawo kan uwargida. Nan ne kayan ƙamshi suke da rana. Da can ba mu san kori da tayim ba, yanzu ga su a kowane shago. Kirfa da hulba sai alhazai sun dawo ake gani, yanzu a tsibi ake kasa su. Gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, kakanninmu rini suka fi saninsa da shi, yau ya shiga dafa-duka da farfesu. Harshe in ya samu ƙamshi da ɗan tsami, ba ya neman gishiri da yawa.

Amma jama'a, a lura da kyau. Yawancin haɗin da ake sayarwa a ƙananan ledoji, wanda aka zana kaza ko shinkafa a jikinsa, dunƙule ne aka canza wa riga. A ba ɗan makaranta ya karanta bayan ledar. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, in an ji gishiri ne a farko, to an gudu ba a tsira ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Shawararmu ita ce a sayi kayan ƙamshi da ƙwayarsu, a daka a gida. Gari ba a sanin cikinsa. A ƙasar Bangaladash, a 2019, masu bincike sun gano ana shafa wa gangamau sinadari mai dalma don ya yi ruwan ɗorawa shar, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Nan gida ma, da cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma duk lokacin da kaya ya yi tsada, marar tsoron Allah yakan samu ƙofar algus. Saiwar da ka gani da idonka, ka karya ka shinshina, ba mai cuɗa maka dusa a ciki.

Yadda ake yi ba wuya. A ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, a zuba masoro da kanunfari da kimba, a juya har ƙamshi ya tashi, kada su ƙone, sannan a daka da citta. A zuba a kwalba mai murfi, nesa da murhu da rana, kuma a daka na wata guda kawai, don gari ba ya riƙe ƙamshi. Kori da gangamau a soya su tare da albasa a ɗan mai kafin a tsaida ruwa, in a ruwa aka watsa su sai launi kurum. Tafarnuwa, na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa sai an kusa saukewa. Miyar kuka da ta kuɓewa a mayar musu da daddawarsu, a ƙara garin busasshen kifi. Farfesu da kwaɗon zogale a matsa musu lemon tsami.

Kada a yanke dunƙule dare ɗaya, gida zai yi bore. Mai sa goma ta koma tara, bayan mako ta koma takwas, a hankali baki yake sabawa. Gishirin da za a sa a auna shi da cokali, a bar ɗiba da hannu. Ya kasance mai sinadarin aidin, wanda gwamnati ta wajabta tun 1993 saboda maƙoƙo. A rufe shi, a zuba a ƙarshen girki.

Mu maza kuma da namu laifin a wurin cin abinci: ba a ɗanɗana ba an kai hannu ga yaji. A yi wa maigida yajin da babu dunƙule a ciki, ƙuli-ƙuli da barkono da citta da masoro sun wadatar. Sannan in zai ba da kuɗin cefane ya tuna da na daddawa.

Wanda likita ya riga ya ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya ajiye shi don an ce tafarnuwa ko zoɓo na sauke jini. Wanda kuma ya haura arba'in bai taɓa gwaji ba, ya leƙa asibitin unguwarsu ko Asibitin Koyarwa na ATBU a ɗaura masa abin awo a hannu, ba ya cin minti biyar.

Mun zo da samfurin kayan da muka ambata, suna kan tabarma a bakin ƙofa, iyayenmu mata a duba kafin a watse.