Mutanen Birni da Dazukan Birnin Kudu da Gwaram

Hakimai, da ku Malamai masu riƙe da littattafan gunduma, ina so mu duba yadda mutumin Kano ko na Dutse ke ɗaukar aikin gyaran ƙasa da ake yi a nan, a wurin da watakila bai taɓa sa ƙafa ba.

In ka tambayi ɗan birni ko yana son a dasa itatuwa a Gwaram, lalle zai ce yana so. Amma shi ne kuma mai sayen gawayi da itacen girki da manyan motoci ke kwasa daga dazukan karkara, kuma ba ya son buhu ya ƙara kuɗi ko da sisi. Ba mugunta ba ce. Tsakanin Kano da Birnin Kudu kimanin mil 80 ne, ba ya ganin kututturen da aka bari, ba ya ganin kwazazzabon da ke cin gona bayan an sare dajin.

Yakan farga ne sa'ad da abin ya taɓa shi. A watan Agusta 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, cikin ƙasar Gwaram, mota ta faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. Matafiya ne daga Kano za su Adamawa. Allah ya ji ƙansu. Ran nan birni ya san inda Radabi take.

Akwai kuma batun kuɗi. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19, har da Jigawa. Rance kuwa biyansa ake yi, ɗan birni ma yana cikin masu biya. Saboda haka yana da hakkin ya tambayi abin da aka yi, mu kuma ya kamata mu sami amsa a rubuce.

To, Malamai, nan aikinku yake. Kada ku tsaya ga rubuta yawan itatuwan da aka dasa ranar biki, gama wannan lissafi kowa ya iya shi. Ku koma a ƙarshen bazara ku ƙidaya waɗanda suka rayu. Ku rubuta motocin itace nawa suka fita daga gunduma kowace ranar kasuwa, da ƙauyukan da kogin Bunga ya ci gonakinsu. Hakimi ya sa hannu, a aika Dutse kafin ruwan fari ya sauka.