Idan Bam Ya Tsufa: Laccar da Aka Gabatar a Tanut



Manomin Damargu ba ya yarda da irin geron da ya daɗe a rumbu sai ya jiƙa ɗan kaɗan ya ga ya tsira. Yau zan yi magana kan wani abin ajiya da masu shi ke tsaro shekara da shekaru, amma suka daina gwada shi: makamin nukiliya.

Amurka ta yi gwajinta na ƙarshe a 1992, Faransa a Janairun 1996. Tun daga nan makaman suna kwance, lokaci yana cin su. Iskar tiritiyom da ke ƙara wa bam ƙarfi, rabinta kan lalace cikin shekara 12 da ƴan watanni, dole a riƙa sauya ta. Fulutoniyom ɗin da ke tsakiya yana fitar da tururin da ke illata shi kansa. Roba tana bushewa, wayoyi suna tsatsa, injiniyoyin da suka ƙera su suna tsufa suna rasuwa da abin da suka sani. Makami mai linzami Minuteman III ya fara aiki a 1970, har yau shi Amurka ke ajiye da shi a ramuka.

Maimakon fashewa ta gaske, yanzu da kwamfuta da manyan na'urorin haske ake kwaikwayon abin, a Livermore ta Amurka da kusa da Bordo a Faransa. Ilimi ne mai zurfi, amma lissafi ne ya maye gurbin gani da ido. Abin da ake iya gwadawa ma yakan ba da kunya: makamin Trident da Ingila ta harba daga jirgin ƙarƙashin ruwa ya gaza a 2016, ya sake gazawa a 2024.

Gazawar ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. A Satumban 1980, a Damaskus ta jihar Arkansas, ƙarfe ya suɓuce daga hannun wani ma'aikaci ya huda tankin man makamin Titan II. Ramin ya fashe, mutum ɗaya ya rasu, kan bam ɗin ya yi tsalle ya faɗi waje. Allah ya tsare bai tashi ba.

Wani zai ce, ina ruwan Tanut da Belbeji? Hanyar da ta ratsa garin nan ita ke kai mutum Agadas, daga can Arlit, inda ake haƙo yuraniyom tun 1971. Hukumar Faransa da ta binciko ma'adinin ita ce ke ƙera bam ɗin ƙasar. Bam ɗinta na farko kuwa a hamadarmu ya tashi, a Reggan ta Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960. A In Ekker, a Mayun 1962, dutsen da aka yi gwaji a cikinsa ya kasa riƙe gubar, ta fito fili. Iskar hunturu ba ta tsayawa a kan iyaka.

Afirka ta haramta wa kanta wannan makami da yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, kuma a Torodi akwai tashar da ke sauraron girgizar ƙasa don gano mai gwaji a ɓoye. Muna da bakin magana ke nan. Masu makaman suna kashe dukiya su sabunta su. Ni ina ganin wanda ya tsufa a kwance shi, kada a ƙera magajinsa.

Ɗalibai, ku riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Ƙasar da dutsen yuraniyom yake fitowa tana buƙatar ƴaƴan da za su zauna inda ake yanke hukunci a kansa, su fahimci abin da ake faɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.