Jawabi Kan Rayuwar Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina

 

A wannan biki na cikar sarauta shekara 100, ya dace mu tuna da marigayi Mamman Nasir, ɗan ƙasar Katsina, tushen sarautar Tasawa. Shi ne Ministan Shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna daga 1961 zuwa 1966. Ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Nijeriya a 1975, kana ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, lokacin da aka naɗa shi Galadima, Hakimin Malumfashi. Ya rasu a 2019.

Daga babbar kotu ya dawo zauren hakimi, inda ake sasanta rikicin gona da gado. Masu rawani, talakan da ya durƙusa gabanku adalci yake nema. Allah ya ba ku ikon yinsa, amin.