Waya a Hannun Direba: Inda Doka Ta Tsaya da Inda Ya Kamata Ta Kai

Shugaban taro, iyayen ƙasa, malamaina, shugabannin direbobi na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, jami'an hanya da suka amsa gayyata. Ina gode wa mutanen Jangeru da suka ba mu masauki, zan kuwa shiga magana kai tsaye.

Abin da doka ta ce duk mun sani. Bisa ga dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, direba ba ya kira, ba ya amsa kira, muddin mota tana tafiya, wanda aka kama kuwa tarar naira 4,000 ce a kansa. A 2017 ma aka ƙara da cewa ana iya tura shi a duba lafiyar hankalinsa. Kuna kuma tune da hayaniyar ƙarshen 2019, sa'ad da aka ruwaito wani babban jami'in hukumar a Abuja yana cewa duba taswirar Google a kan tuƙi laifi ne, har hukumar ta fito ta bayyana cewa ba taswirar ta hana ba, taɓa waya ta hana, mai bukatar taswira ya saita ta tun kafin ya tashi. Daga wannan bayani ne jama'a suka ciro fatawar da na daɗe ina jayayya da ita, wato cewa in dai an manna waya a gilashin gaba, ko an saƙala abin ji a kunne, to an kuɓuta daga laifi, an kuma kuɓuta daga hatsari.

Hujjata ta farko, wadda ba zan gaji da maimaita ta ba, binciken nan ne da Redelmeier da Tibshirani suka buga a 1997 a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka. A birnin Toronto na Kanada suka bi direbobi 699 waɗanda suka yi karo da mota, suka karɓo lissafin kiraye-kirayensu, fiye da kira 26,000 a cikin wata 14, sa'an nan, maimakon su gwada wannan direba da wancan, har wani ya ce ai wannan dama gagararre ne wancan kuwa mai natsuwa, sai suka gwada kowane mutum da kansa, suka dubi halin wayarsa a mintocin da suka gabaci karon, suka kuma dubi halinta a daidai wannan lokaci a ranar da ba abin da ya same shi. Abin da ya bayyana shi ne hatsarin karo yakan ninka sau 4 a yayin da mutum ke waya. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina, wanda kuma masu tallar maƙalin waya ba sa ambatawa, shi ne ba su sami wata fa'ida ta a zo a gani ga wayar da ba a riƙe ta a hannu ba. A 2005 aka buga irin wannan bincike da aka sake yi a birnin Perth na Ostireliya a kan direbobi 456 da haɗari ya kai su asibiti, aka sami kusan wannan adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kansa ta tsaya. Ashe illar tana ga hankali, wanda ya bar kwalta ya tafi wurin mai magana, alhali hannuwa biyu suna kan sitiyari.

Ku ɗora lissafi a kan wannan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a sakan guda. Wanda ya ɗauke ido sakan 3 don ya ga mai kira, ya shafe fiye da mita 80 a makance, a kan hanyar da rami yake, shanu suke, ɗan kabu-kabu kuma yana iya faɗowa daga kowace kwana da wayarsa cushe a ƙarƙashin hula. Ku dubi gilashin Golf ɗin da ke lodi ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi: tsaga ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe, takardu manne a kusurwa, carbi yana lilo a madubi, fasinja biyu a gidan gaba, sa'an nan a tsakiyar abin da ya rage aka dasa waya tana haske.

To amma nan ne na rabu da abokaina jami'ai, waɗanda nasiharsu kullum ita ce direba ya faka a gefe ya amsa kira. Wannan nasiha ta dace da titunan Abuja. Direbanmu ba taswira yake nema ba, domin ya san hanyar Kaura zuwa Shinkafi, da ta Zurmi zuwa Jibiya, kamar yunwar cikinsa; abin da yake tambayar wanda ya riga shi wucewa kalma biyu ce, “Hanya lahiya?”, amsar kuwa tana iya zama tsakanin isa gida da kwana a daji a hannun ɓarayi. Wa zai ce masa ya tsaya a tsakiyar dajin nan don ya amsa waya? Mun ga yadda tafiya ta koma a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar nan baki ɗaya, mutum ya tashi daga tasha bai san abin da ke gabansa ba sai ishara da fitila daga mai tahowa. Labarin hanya lalura ne, dokar da ba ta yi la'akari da lalura ba kuwa karya ta za a yi ta yi, mai karyawar yana ganin yana da uzuri.

Akwai kuma masu cewa tun da tsaro ya lalace a bar direba da wayarsa, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amsarsu gajera ce, tana kuma cikin littafin da suka karanta a zaure. Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. In an kama mai jaki da wannan hukunci, ina ga mai tirela? Kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata 2 a jere, malaman Malikiyya kuma sun shahara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku. Lalura tana halatta jin labari, ba ta wajabta cewa lalle mai riƙe da sitiyari ne zai ji shi da kunnensa ba.

Saboda haka abin da nake kira gare shi, yau kamar kullum, shi ne ƙungiyar direbobi ta mai da shi sharaɗi a kowace tasha cewa mota ba ta tashi sai direba ya miƙa wayarsa ga yaron mota, in ƙaramar mota ce ga fasinjan gidan gaba, shi ya amsa, shi ya isar da saƙo a taƙaice. Kuma a sa mutum guda a ofishin tasha wanda aikinsa tara labarin hanya ya faɗa wa direba kafin ya tayar da inji. Hukumar Kiyaye Haɗurra da takwararta ta jiha, ZAROTA, su fito da ƙa'ida rubutacciya da Hausa game da maƙalin waya, a ce ƙasa da gilashi za a sa shi, inda ba ya tare gani, ba a kuma taɓa shi sai mota ta tsaya cik, domin a bar yin hukunci da ra'ayin wanda ke bakin shinge. Limamanmu kuwa ina roƙonsu su keɓe huɗuba guda kafin kowace Sallah, lokacin da motoci suka fi yawa, a kan babin diyya da kaffara, su karanta shi ga direbobi da masu motocin da ke matsa musu da kira suna tambayar inda suka kai.