Idan Ɗaya Ya Ci Gaba, Ɗaya Ya Tsaya



Aure ba ya tsayawa inda aka ɗaura shi. Matar da ta fara da faranti ɗaya na tumatir a ƙofar gida, bayan shekara goma sai ka tarar tana da rumfa a kasuwar Arzeke, tana zubin adashe biyu. Maigidanta kuwa, mai kai kaya Gaya ta Malanbil, tun da aka rufe iyakar Nijar a 2023 cinikinsa ya ja baya. Babu mai laifi a cikinsu, amma gidan ya sake. Shi yana jin girmansa ya zube, ita tana ɓoye ribarta don kada ransa ya ɓaci, har hira ta ƙaura daga ɗakin.

A irin wannan shirun ciwon damuwa yake samun wurin zama. Wanda kullum ake rage masa daraja, ko ake hana shi koyon sana'a da ziyarar dangi, zuciyarsa tana gajiya. Idan ciwon ya kama mutum kuma, sha'awar neman na kansa yake fara ɗauke masa, sai a ce da shi rago. Wannan kalma tana ƙara ciwo, ku daina faɗinta.

Ke uwargida, kai maigida, ku ne za ku fara gani: barci ya lalace, abinci ya fita rai, an daina fita kasuwa, baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba. Ku ƙara lura da mai jego, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da ɗaya cikin goma na masu ciki da sababbin haihuwa suna fama da shi.

Ku tambaya a keɓe, ku saurara, kada ku yi saurin cewa a yi haƙuri. Ciwo ne mai magani, kuma addu'a ba ta hana ganin likita. Babban asibitin Borgu a nan Paraku yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, a Zugu kuma akwai cibiyar Saint Camille. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti a ranar.