Zabbi da Bashin Ƙungiya: Jawabin Wata Mamba a Taron Cikar Shekara

Hajiya Shugaba, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo, barkanku da wannan rana.

Yawancinku kun san ni a kasuwa da kwandon ƙwan zabbi. Na fi shekara 15 ina sarin ƙwai wajen mutanen ƙauye, har na ɗauka babu abin da ban sani ba game da zabuwa. Ashe sayar da ƙwai daban, kiwo daban. Shugaba ce ta ce in faɗa muku yadda na kusa cinye kuɗinku, to ga ni.

Shekara 3 da suka wuce na karɓi bashin ƙungiya a watan Nuwamba, na sayi zabbi mata 12 da namiji 1. Na ce namiji ai ci kawai yake yi, ba ya saka ƙwai. Na kulle su a ɗaki kamar kaji, ina jiran ƙwai. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, ko ƙwai ɗaya babu, ga biyan mako-mako ya kama, ga hatsi suna ci. Da jarin kasuwata na riƙa biya. Zabuwarmu ta gida da damina take saka ƙwai, in ruwa ya ɗauke ita ma ta ɗauke. Ni da nake ganin ƙwai yana yankewa a kasuwa kowane rani, ban taɓa tambayar dalili ba.

Da ruwa ya sauka suka fara sakawa, na zuba wa kaji 3 masu kwanci ƙwai 36. Guda 7 kawai suka ƙyanƙyashe, saura baragurbi. Cikin bakwai ɗin ma, raɓar safe da shaho suka bar mini 2.

Ranar da na kai kukana aji, Malama ta ba mu labarin wata tsuntsuwa ta ƙasar Ostareliya mai suna emu, mai kama da jimina, wadda manoma ke kiwonta a can. Macen tana saka korayen ƙwai a lokacin sanyi, ta yi tafiyarta. Namijin ne ke kwanciya a kai kusan mako 8, da ƙyar yake ci ko sha, kuma shi ke renon 'ya'yan. Duk muka fashe da dariya, wata ta ce a aiko mana da irin mazan nan. Sai Malama ta ce, wanda ya sayi emu ya sayar da mazan don ba sa ƙwai, wa zai yi masa kwanci? Nan jikina ya yi sanyi, domin da ni take. Kowane tsuntsu da yadda yake haihuwa, kuma ba zai sauya don ke kina da bashi ba.

Daga nan na riƙa zama da tsofaffin da nake sari a wajensu ina tambaya, ina rubutawa a littafina na aji. Ga abin da na samu, kuma na gwada.

Zabbi biyu-biyu suke son tafiya, mace da mijinta, don haka namiji 1 ba zai wadaci mata 12 ba. Yanzu ina ajiye namiji 1 ga mata 4. In kina son rarrabe su, ki saurari kuka: na mace gaɓa biyu ne tana maimaitawa, na namiji gaɓa ɗaya. Jan naman da ke reto a gefen bakin namiji kuma ya fi na mace girma.

Zabuwa ɓoye ƙwanta take yi cikin ciyawa, sau da yawa mata da dama su saka a gurbi guda. In kin gano wurin kada ki kwashe duka, za su ƙaura. Ki bar 3, ki yi musu alama da gawayi, ki riƙa ɗaukar sababbin.

Ƙwan kwanci kada ya wuce mako guda a ajiye, kuma na kasuwa da ya sha rana da girgizar mota ba abin dogaro ba ne. Ni mai sayarwa ce nake faɗa muku. Ki ba kaza ƙwai 12. Bayan kwana 10 ki haska da tocila a cikin duhu, wanda babu jijiyoyi a cikinsa ki cire. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28 yake yi, na kaza kwana 21. In kin saka na zabbi, bayan mako guda ki ƙara mata nata guda 2, sai su fito tare.

'Yan zabbi kuwa sanyi da jiƙewa ne ajalinsu. Kada su fita sai rana ta busar da raɓa. Ki zuba tsakuwa a kaskon ruwansu don kada su nutse, ki ba su gara da tsaki. Bara, cikin ƙwai 48 na samu 35, na raya 29.

Yanzu ga roƙona ga kwamitin bashi. Duk wadda za ta karɓi kuɗin kiwon zabbi, a ba ta gab da damina, wajen Maris ko Afrilu, kuma kada biya ya fara sai ƙwai ya sauka. A kuma haɗa ta da wadda ta taɓa yi, ta riƙa leƙa ta. Ni na samu jarin kasuwa da ya rufa mini asiri, wata ba ta da shi, kuma kuɗin da zai salwanta adashinmu ne duka. Na ji mutum 4 sun rubuta suna a bana. Littafina yana nan, ku same ni a rumfa ranar kasuwa bayan la'asar.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya kai mu ta baɗi lafiya.